Garmar da Nomau Bai Taya Ba

Gidan Sori, 27 ga Nuwamba, 1960

Zuwa ga kawuna Malam Nomau dillali, a Gangara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kana lafiya, kai da Inna Shatu da dukan mutanen gida. Ni lafiya ƙalau nake. Yaran da nake koya wa karatu a lakol sun kai arba'in da biyu bana, har da 'yan mata shida.

Kawu, albishir na kawo maka. Jiya na shiga Maraɗi karɓar albashi, sai na ga an manna wata babbar takarda a ƙofar kantin kamfanin nan mai sayen gyaɗa. An rubuta da Faransanci cewa saboda murnar samun 'yancin kai sun yi rangwame a dukan kantunansu, har da na Cadawa da ya fi kusa da ku. Na tsaya na karanta ta layi layi. A ciki akwai garmar shanu, irin wadda ka daɗe kana zancenta tun ranar da ka ga ana huɗa da ita. Kuɗinta jika tara ne, amma an soke taran da jan alƙalami an rubuta shida. Kashi ɗaya cikin uku ke nan aka yafe. Don murna, har na shirya zan ba yara wannan lissafi gobe a kan allo.

Sai dai rangwamen yana da wa'adi. Ran 18 ga Disamba, ranar bikin Jamhuriya, zai ƙare. Kana da bijimai biyu suna zaune suna cin harawa a banza. Da garma, gonar da take cinye muku kwana goma za ta ƙare a kwana uku, bayanka kuma ya huta. Ka faɗa wa mutanen gari su ma, don na san in kai ka ce abu yana da kyau ba sa sake tambayar kowa.

Kai ka riƙe hannuna ka kai ni lakol lokacin da kowa yake ɓoye ɗansa a rumbu. Ina so ko sau ɗaya karatun nan ya shigo gidanka da wani abu da za ka taɓa da hannu.

Ka huta lafiya. Ɗanka,
Jibrilla

*

Gangara, kwana goma sha biyu ga wata

Zuwa ga ɗana Jibo.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai godiya. Innarka tana gaishe ka, ta ce ko ka sami mai yi maka tuwo ko har yanzu burodi kake ci kamar Nasara.

Takardarka ta iso hannun direban motar gyaɗa. Na karanta sau biyu, sannan na kai wa liman ya sake dubawa, don ajaminka ya fara karkacewa irin na 'yan lakol.

Tambaya ɗaya nake da ita. Wa ya taɓa sayen garmar nan jika tara? Ka faɗa mini sunansa da garinsu. A wurinmu kuɗin abu shi ne abin da mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, aka ja aka ja har aka sallama. Kuɗin da ba wanda ya taɓa biya ban san sunansa ba. Shekara talatin da ɗaya ina kasuwar dabbobi, kuma duk mai kayan da na ga yana cewa yau ko gobe, in ka duba dabbarsa da kyau za ka ga abin da yake gudu.

Amma ban ɓoye zancen ba. Na faɗa a ƙofar masallaci, na ce ɗana mushe, wato malamin lakol, shi ya gani da idonsa. Gida shida sun ce suna so, har da Jaye maƙwabcinmu. Ka san kuɗin gyaɗa ya riga ya tafi wajen haraji da tufafi. In za a saya, sai dai a kwance ragunan da ake kiwo don layya, kuma yanzu ba lokacin sayar da rago ba ne.

Ka sake dubawa, ka aiko mini. In ka ce in tafi, zan tafi.

Allah ya yi maka albarka.
Nomau

*

Gidan Sori, 6 ga Disamba, 1960

Zuwa ga Kawu Nomau.

Gaisuwa mai yawa. Ka gaya wa Inna tuwo nake ci, matar mai gari ke aiko mini.

Kawu, na yi dariya da tambayarka, amma kanti ba kasuwa ba ce. Takardar nan da inji aka buga ta, ga hatimin kamfani a ƙasa. Kamfani mai kantuna daga Maraɗi har Damagaram ba zai zubar da sunansa a kan garma ba. Asarar da za a yi wajen sayar da raguna da wuri, jika ukun da aka rage za ta rufe ta har da saura. Na yi lissafin sau uku.

Alfarma ɗaya nake roƙo. In ka shiga kantin, kada ka taya. A can ba a ciniki, abin da aka rubuta shi ake biya, kuma sun riga sun rage. Malamin kantin Cadawa, mai rubuta musu takardu, abokina ne, Isaka, tare muka yi lakol. Ba na so ma'aikata su riƙa ƙyafta wa juna ido suna cewa ga mutanen ƙauye sun zo da halinsu. Ka shiga da babbar rigarka, ka biya, ka fito da girmanka. Ka rufa mini asiri a nan.

Kwana goma sha biyu suka rage.

Ɗanka,
Jibrilla

*

Gangara, biyu ga watan Azumin Tsofaffi

Zuwa ga ɗana Jibo.

Sallama da gaisuwa. Mun je mun dawo lafiya. Garma bakwai suna Gangara, tawa da ta gida shida.

Kasuwa biyu muka yi muna sayar da dabbobi, duk ta hannuna. Raguna goma sha tara, da jakin gidan Sabo, da karsanar Jaye. Fataken Katsina sun ji ƙanshin gaggawa tun daga nesa. Ina cewa albarka suna juya baya, don sun san ranar da muke gudu. Karsanar nan na sallama ta a kuɗin da ko a mafarki ban taɓa sallama irinta ba. Jaye yana tsaye yana dubana, na ce masa ya yi haƙuri, a Cadawa za mu fanshe.

Na shiga kantin da rigar da ka ce. Na ga jan alƙalamin da ka faɗa. Ban taya ba. Abokinka ya kawo mini kujera, yaro mai kunya, har muka gama bai ɗaga kai ya dube ni ba.

Da motar ta sauke mu, gari ya fito kallo. Mata suna guɗa, tsofaffi suna shafa ƙarfen. Wani ya ce ashe lakol tana da rana. Na ji daɗin maganar nan fiye da garmar.

Allah ya kai mu damina.
Nomau

*

Gangara, tara ga watan Azumi

Zuwa ga Jibo.

Barka da shan ruwa. Jikinmu lafiya.

Ka san Chindo mai taba, wanda ya ƙi bin mu ya ce shi ba ya gudu don takarda. Makon jiya ya kai taba Cadawa, ya shiga kantin. Babu jan alƙalami, babu takardar murna. Garma irin tamu, ƙarfe ɗaya, fenti ɗaya, jika biyar. Ya tsaya ya ja da su har suka ƙara masa sarƙar ja a gyara. Ya kawo ta ya ajiye a gindin tsamiyar kasuwa, duk wanda ya wuce sai ya kira shi ya faɗa masa nawa ya biya.

Ba jika ɗayan ke damun mutane ba. Ragunansu suke tunawa, da yadda aka kwance su wata biyar kafin layya. Yanzu ana cewa kamfani ya ba ni la'ada a kan kowace garma, shi ya sa na kwashe su na kai, shi ya sa ban buɗe baki na taya ba. Suna cewa wa ya taɓa ganin Nomau ya sayi ko igiya bai ja ba.

Kasuwar da ta wuce na zauna a wurina tun hantsi har la'asar. Ka san aikinmu, mai dabba yakan zo ya miƙa maka igiya ya tafi harkarsa, don ya yarda da kai. Mutum biyu suka miƙo mini, dukansu baƙi ne da ba su ji labari ba. Jaye ya wuce ta gabana da akuya, ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya kai wa Iro, wanda ni na koya wa duba haƙorin sa.

Ba don in ɗora maka nake rubutowa ba. So nake ka bincika mini yadda abin ya kasance, don in san abin da zan ce in an tambaye ni.

Nomau

*

Gidan Sori, 2 ga Maris, 1961

Zuwa ga Isaka, malamin kanti a Cadawa.

Gaisuwa. Ba zan ja zance ba. Garmar da kuka sayar wa kawuna jika shida a kan an rage daga tara, yau jika biyar ce. Mutanen Gangara sun ce ya ci la'ada a hannunku, sun daina ba shi dabbobinsu. Ni na tura shi. Shekara shida muka yi a benci ɗaya, ni da kai, kwano ɗaya muke ci. Don wannan nake tambayarka, yaushe garmar nan ta taɓa zama jika tara?

Jibrilla

*

Cadawa, 9 ga Maris, 1961

Mushe Jibo,

Na gaishe ka. Na yi kwana uku da takardarka a aljihu kafin in iya amsawa.

Ba ta taɓa zama tara ba. Biyar ce tun ranar da aka sauke su, shekara biyu da suka wuce, suna jibge a sito ba mai tambaya. A farkon Nuwamba aka aiko daga babban buro, ofishin kamfani, cewa a rubuta tara, a soke, a rubuta shida. Haka aka yi wa fitilu da barguna da atamfa. Takardun da ke jikin kayan kantinmu, tara da shida da jan layin, duk hannuna ne. Har Baturen kanti ya yaba, ya ce rubutuna yana da kyau.

Kai da kake zuwa na ɗaya a lissafi, ka iya cire shida daga tara, amma ba ka tambayi taran daga ina ta fito ba. Ba gori nake maka ba. Ni ma da daga waje nake da na yarda.

Akwai abin da ya fi wannan, kuma na so in bar shi a cikina. Bature ya ce mana duk wanda ya zo sayen fiye da uku, in ya matsa, a sauko masa har biyar. Da na ga kawunka ya shigo da mutum shida a bayansa, sai na ce a raina shi ke nan, wannan tsohon dillali ne, zai ja. Ya ɗaga garmar, ya ƙwanƙwasa bakinta da zobensa, ya saurari ƙarar. Na ga ya buɗe baki. Sai ya dubi inda nake, ya gyara rigarsa, ya ce a ƙirga. Bature yana tsaye a bayana. Ina da mata da jariri, Jibo, kuma mutum goma suna jiran kujerar nan.

La'ada kuwa, ko dala ɗaya ba a ba shi ba. Wannan zan iya rantsuwa a kai. Ka faɗa wa wanda kake so, amma kada sunana ya fita.

Ka yafe mini in za ka iya.
Isaka

*

Gidan Sori, 14 ga Maris, 1961

Zuwa ga Kawu Nomau.

Gaisuwa da ladabi, da barka da shan ruwa.

Kawu, na bincika. Tambayar da ka yi mini tun farko ita ce daidai, ni kuwa na yi mata dariya. Ba wanda ya taɓa sayen garmar nan jika tara. Ƙarya aka rubuta aka buga wa hatimi, ni kuma na rubuto maka ita da hannuna. Na kuma sami labarin cewa da ka taya da sun sauko. Ni na rufe maka baki, ba don komai ba sai don kada a ce kawuna baƙauye ne. Kai da ka ciyar da ni da wannan tayin.

Jiya na sake rubuta lissafin nan a allo, na ce wa yara amsar da muka samu daidai ce amma tambayar ƙarya ce. Na ce daga yau duk lambar da suka gani a takarda su tambayi wanda ya rubuta ta da abin da yake so. Ban taɓa jin nauyin alli a hannuna kamar jiya ba.

Za a ba mu hutu a farkon Afrilu. Zan zo ranar kasuwa, in tsaya a gindin tsamiya, in faɗa wa kowa cewa ni na aiko maka, ni na ce kada ka taya, kuma ba ka ci ko dala ba. In sun ji daga bakina za su dawo maka da igiyoyinsu. Zan kuma riƙa aiko da rabin albashina har a mayar wa kowa ragonsa.

Ɗanka mai neman gafara,
Jibrilla

*

Gangara, kwana biyar bayan Ƙaramar Sallah

Zuwa ga ɗana Jibo.

Barka da sallah. Mun ga kuɗin da ka aiko, na mayar wa direba ya kawo maka. Ba wanda zai karɓi kuɗin rago daga hannun yaron da aka yi wa suna a gabansa.

Kada ka zo kasuwa. Ka zo gida in kana so, amma kada ka tsaya a gindin tsamiya.

Har yau ban ce wa kowa kai ka hana ni tayi ba, kuma ba zan faɗa ba. Bana aka fara zancen kafa lakol a nan, gida huɗu sun yarda za su ba da 'ya'yansu, kuma da sunanka aka shawo kansu. In ka tsaya ka ce karatunka ne ya kai su ya baro, ka rufe ƙofar nan shekara goma.

Sannan ka ji wannan da kyau. Ba kai ka rufe mini baki ba. Da na ƙwanƙwasa ƙarfen nan na san bai kai shida ba, kunnena ya faɗa mini. Tayin yana kan harshena. Sai na ga abokinka da farar riga da alƙalami a kunne, na ce bari yau ɗaya in zama uban mushe, ba dillalin awaki ba. Mutum shida suna bayana da kuɗin dabbobinsu, ni kuwa ina tunanin yadda rigata ta zauna. Wannan ba a lakol aka koya mini ba. La'ada ban ci ba, amma abin da suke riƙe da ni a kai yana da tushe.

Ka bar ni da mutanena. Na san su, sun san ni.

Nomau

*

Gidan Sori, 10 ga Afrilu, 1961

Isaka,

Gaisuwa. Ba ni da wanda zan faɗa wa wannan sai kai. Kada ka damu, sunanka bai fita ba.

Kawu ya hana ni, na ƙi ji. Na sauka Gangara ranar kasuwa da hantsi, na zarce wurin dabbobi. Ba ya nan. Turakunsa takwas suna kafe, ba ko akuya a jiki. Na hau kan wani turmi a gindin tsamiya na yi magana kamar ina gaban aji. Na faɗi komai, takardar, da jan alƙalamin, da wasiƙar da na ce kada ya taya. Na rantse bai ci ko dala ba.

Sun saurare ni har na gama, ba wanda ya katse ni. Chindo ne ya fara magana, yana tauna taba. Ya ce, "Mushe, sauko daga turmin nan, na mata ne, kada su ce mun hana su daka." Aka yi dariya, na sauko.

Sai Jaye ya matso ya kama hannuna. Ya ce, "Jibo, mun ji, kuma mun yarda bai ci ba. Ni dama ban taɓa sa wa raina ya ci ba."

Na ce, "To Baba Jaye, ku mayar masa da dabbobinku mana."

Ya ce, "Kai yaro ne, takarda aka koya maka, takarda ta ruɗe ka, ba komai. Shi fa? Ba don ya iya karatu muke ba shi igiya ba. Don in ya tsaya a kan dukiyarmu ba ya jin kunyar kowa. Yanzu ka faɗa mana da bakinka cewa ya ji kunya. Da ma ka bar mu muna zargin la'ada, wannan fushi ne, yana wucewa."

Ya tambaye ni lafiyar hanya, ya ja tunkiyarsa ya nufi wurin Iro. Wani daga baya ya ce, to in haka lakol take, nasa ɗan yana nan wajen awaki.

Na je in wanke shi, Isaka, na ƙarasa abin da ya rage masa. Motar da ta kawo ni tana shirin juyawa. Hanyarta ta bi ta ƙofar gidanmu, na ga zauren, na ga tabarmarsa a shimfiɗe. Na sunkuyar da kai har muka fita gari.

Ka ce in yafe maka. Ban ga inda zan tsaya in yafe wa wani ba.

Jibrilla

*

Gangara, ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Jibo.

Sallama. An ce ka zo, an ce muryarka ta kai har rumfar mahauta. Na hana ka, ka ƙi. Wannan ya wuce.

Jiya na tumɓuke turakuna na kawo gida. Iro ya shiga wurin, ya zo da kansa ya nemi izini, na ba shi. Wannan ma ya wuce.

Abin da bai wuce ba shi ne ka bi ta ƙofar gida ba ka sauka ba. Tun da aka ce an gan ka a kasuwa Innarka ta dama fura ta rufe da faifai, ta hana kowa taɓawa. Tana nan har ta yi tsami. Ta tambaye ni laifin da ta yi maka.

Ka zo ka ba ta amsa da bakinka.

Kawunka,
Nomau